SOJAN HAYA CIKIN RIGAR ƊALIBI: WAYE YA ƁATA MANA KAKAR WASA?

Rubutun nan yana da tsawo. Wanda ya san ba zai kai ƙarshe ba, don Allah kada ya zage ni a kan kanun magana kawai.

Duk ranar da aka kori wata makaranta daga gasar ƙwallo saboda ta saka yaron da ba ɗalibinta ba, ko wanda ya zubar da jarabawa, waƙar magoya baya ɗaya ce: hassada aka yi mana, an ga za mu ɗauki kofi, wai me ya haɗa ƙafa da biro? Kwanakin nan an sake rera mana wannan waƙa tun daga majalisun Kiyako har gidajen kallon ƙwallo na Birnin Kudu da Gwaram, bayan an fitar da wata kwaleji da yaranmu da yawa ke karatu a cikinta daga gasar makarantu. Ba zan kama sunan kwalejin ba, ba zan kama sunan kowa ba, masu abin sun san kansu. Abin da ya faru a taƙaice shi ne: abokan karawa sun kai ƙorafi, kwamiti ya nemi rajista da sakamakon jarabawa, aka tarar mutum biyu babu sunansu a makarantar kwata-kwata, na uku kuma tun bara aka sallame shi saboda faɗuwa. Aka soke wasannin da suka ci, aka ce su koma gida.

Tun daga ranar, wanda ya kai ƙorafi ya zama munafuki, kwamiti ya zama 'yan baƙin ciki, wanda kuwa ya ɗauko 'yan hayar ya sa musu riga shi ne gwarzo abin tausayi. To ni ga matsayina a fili: hukuncin nan daidai ne. Mai ɓata kakar wasa shi ne wanda ya shigar da sunan ƙarya cikin takarda ya sa hannu, yana sane.

Bari in fara da tambayar da nake so masu zagin su amsa tsakani da Allah. A watan Maris na 2025 Afirka ta Kudu ta saka Teboho Mokoena a wasanta da Lesotho na neman gurbin Kofin Duniya, alhali yana da katin gargaɗi biyu, bai cancanci buga wasan ba. Wata shida cur 'yan Najeriya suna kururuwa a Facebook: ina FIFA take, me ya sa ba a cire musu maki ba, ai doka doka ce. Da FIFA ta yanke hukunci a ƙarshen Satumba, ta ƙwace maki uku ta ba Lesotho ci uku da nema, har shewa aka yi a gidajen kallo. A lokacin na ji wani ya ce ai yaron ƙwararre ne, a bar shi ya nuna baiwarsa? Na ji wani ya ce sauran 'yan wasa goma ba su da laifi? Ban ji ba. Mu ma kanmu an yi mana a 2017, da aka saka Shehu Abdullahi ɗan Sakkwato a wasanmu da Aljeriya alhali yana da dakatarwa. FIFA ta ba Aljeriya wasan, Allah ya taimake mu mun riga mun samu gurbin zuwa Rasha. Wa muka zaga a lokacin? Jami'an hukumar ƙwallo da suka kasa ƙirga katuna. Wato mun san inda laifi yake zama in mun ga dama. Sai abin ya zo ƙofar gidanmu sannan doka ta zama hassada. Laifi tudu ne.

Yanzu mu zo kan "me ya haɗa ƙafa da biro". Malam, sunan gasar ne ya haɗa su. An kafa NUGA, ƙungiyar wasannin jami'o'in Najeriya, a 1966, aka yi gasar farko a Jami'ar Ibadan. Kwalejojin kimiyya da fasaha suna da tasu, NIPOGA. Kwalejojin ilimi suna da NICEGA. A 2018 aka ƙaro gasar ƙwallon manyan makarantu ta HiFL. Duk ginshiƙinsu ɗaya ne: ɗalibi ya kara da ɗalibi. In ka zare wannan ginshiƙi, me ya rage? Wanda yake son ƙwallon da ba a tambayar takarda, ai ƙofa a buɗe take. Ga Jigawa Golden Stars, ga Kano Pillars, ga kofin ciyaman, ga gasar unguwa-unguwa da muke yi bayan an gama girbi. A can ko sunanka ba ka iya rubutawa babu ruwan kowa, ƙafarka ce shaidarka. Amma ba za ka shiga gasar da aka rubuta wa "ta ɗalibai" da kuɗin makaranta, da motar makaranta, da rigar makaranta, sannan a tambaye ka shaidar ɗalibta ka ce an ci maka mutunci ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Kuma wannan ha'incin yana da waɗanda yake cuta, mutane ne masu rai, amma ba a taɓa jin an yi musu kuka a majalisa.

Na farko shi ne ɗalibin gaskiya da ke zaune a benci. Yaro ne daga Sundimina ko Kangire ko Sara, ubansa ya sayar da buhun riɗi ya biya masa rajista. Da safe yana aji, da yamma yana fili, da daddare yana karatu da tocilan waya. Ya yi wata uku yana atisaye. Ranar gasa sai ya ga an sauko da wani ƙato daga mota, wanda bai taɓa ganin fuskarsa a aji ba, an miƙa masa rigar da ya kamata ta zama tasa. Wane darasi aka koya wa yaron nan? An koya masa cewa wahala banza ce, sanayya da dabara su ne hanya. Gobe shi ne malamin makaranta, shi ne ma'aikacin asibiti, shi ne mai ƙirga ƙuri'a. Sannan mu zo muna mamakin yadda ƙasa ta lalace.

Na biyu su ne makarantun da suka zo da ɗalibansu na gaskiya aka lallasa su. Su ma fa suna da magoya baya, su ma suna da kakar wasa. An fitar da su da ƙafar mutumin da bai kamata ya taka filin ba. Tasu kakar ba kaka ba ce? Su waye za su yi musu zanga-zanga?

Na uku, wanda ya fi ba ni tausayi, shi ne ɗan hayar kansa, da kuma ɗalibin da aka rufe ido a kan faɗuwarsa don yana cin ƙwallo. Ku da kuke cewa kuna kare shi, tsakani da Allah son sa kuke yi ko son ƙafarsa? Ana ba shi kuɗin mota da farantin shinkafa, a ɗaga shi sama ranar da ya ci. Ranar da gwiwa ta goce fa? Na ga irinsu, ku ma kun gani. Wanda jiya ake kiran sa da sunan Messi, yau yana tasha yana jiran a kira shi lodi, ba takarda, ba sana'a, ba ƙafa. A cikin masu yi masa tafi babu wanda ya taɓa biya masa kuɗin ɗori. Ƙwallo sana'a ce mai gajeren rai. A cikin yara dubu da ke buga ta a filayen Jigawa, nawa ne za su zama Ahmed Musa? Sauran fa, da me za su ci abinci?

Wannan cuta ba a makaranta take tsayawa ba, daga nan take hawa sama. A 1989 FIFA ta dakatar da Najeriya shekara biyu daga gasannin da ake ƙayyade shekaru, saboda an samu saɓani a ranakun haihuwar 'yan wasa uku da muka kai gasar Olamfik ta 1988. A kan haka muka rasa damar karɓar baƙuncin gasar matasa ta duniya ta 1991, aka kai ta Fotugal. A 2009, lokacin da muka karɓi gasar 'yan ƙasa da shekara 17, wadda har Kano da Bauchi da Kaduna aka buga wasanninta, FIFA ta shigo da na'urar MRI mai duba ƙashin wuyan hannu, saboda an daina yarda da takardun haihuwa. A 2016 kuma 'yan wasa 26 na Golden Eaglets suka faɗi wannan gwaji ana dab da karawa da Nijar. Muka ci ɗaya a Abuja, aka zura mana uku a Yamai muka rama ɗaya, aka fitar da mu. Ƙasar da ta ɗauki kofin duniya na wannan rukuni sau biyar, kuma a lokacin ita ke riƙe da shi tun 2015, ta kasa zuwa ko gasar Afirka. Kuna tsammani waɗannan yara a Abuja suka fara koyon sauya takarda? A'a. A irin filayenmu suka fara, a hannun irin malaman wasannin da muke karewa yau.

Wasu sun ce wai a ƙasashen da suka ci gaba ba a tsananta wa ɗan wasa a kan karatu. To bari mu leƙa Amurka, inda wasannin jami'o'i suka fi ko'ina kuɗi da 'yan kallo a duniya. Hukumar da ke kula da su, NCAA, tana da ma'aunin ci gaban karatu na kowace ƙungiya, ana kiran sa APR. Maki 1,000 ne cikakke. Ƙungiyar da ta gaza 930 a matsakaicin shekara huɗu, ana iya hana ta shiga gasar ƙarshen kaka komai ƙarfinta. Jami'ar Connecticut ta ɗauki kofin ƙwallon kwando na ƙasa a 2011. A 2013 aka hana ta shiga gasar saboda sakamakon karatun 'yan wasanta ya yi ƙasa. Magoya bayanta sun yi irin kukan da kuke yi yanzu. Amma makarantar ta gyara, sakamako ya tashi, a 2014 ta dawo ta sake ɗaukar kofin. Hukunci bai kashe ta ba.

Jami'ar Memphis ta ci wasa 38 a kakar 2007 zuwa 2008, ta kai wasan ƙarshe. A 2009 aka goge nasarorin gaba ɗaya daga littafin tarihi, bayan hukumar jarabawa ta soke sakamakon shiga jami'a na ɗan wasa guda, wanda rahotanni suka nuna Derrick Rose ne. Mutum ɗaya fa, wasa 38. Mu nan uku aka kama muke cewa an yi mana zalunci.

Ga kuma abin da ke faruwa in aka bi shawararku aka rufe ido. Dexter Manley shahararren ɗan ƙwallon Amurka ne, ya yi shekara huɗu a Jami'ar Jihar Oklahoma. A 1989 ya zauna gaban kwamitin majalisar dattawan Amurka ya shaida musu cewa duk shekarun nan ya yi su ne bai iya karatu ba. An yi ta tura shi gaba aji-aji saboda yana da amfani a fili. A Jami'ar North Carolina kuwa, binciken da aka fitar a 2014 ya gano an shafe shekara 18 ana gudanar da darussan bogi, babu shiga aji, sai dai a miƙa takarda a karɓi maki. Ɗalibai kusan 3,100 suka bi ta ciki, kusan rabinsu 'yan wasa. Ita kanta NCAA tana faɗa cewa 'yan wasan jami'a da ke kaiwa ga zama ƙwararru ba su kai kashi 2 cikin 100 ba. In a Amurka mai kuɗi haka lissafin yake, mu a nan me muka taka?

Yanzu bari in ba masu ƙorafi haƙƙinsu, domin akwai gaskiya a wani ɓangare na maganarsu, kuma ba zan ɓoye ta ba.

Gaskiya ne akwai yara a cikin ƙungiyar nan da ba su ci ba su sha ba. Ɗalibai ne na hakika, sun ci jarabawarsu, sun yi gumi, wasunsu shekarar ƙarshe suke, ba za su sake samun wannan damar ba. An haɗa su an yi musu kuɗin goro. Haka aka yi a Connecticut ma, yawancin waɗanda aka hana wasa a 2013 ba su ne suka jawo faɗuwar makin ba, na gabansu ne. Wannan ciwo ne, na yarda. Amma ku faɗa mini mafita. A bar musu nasarar da aka samu da ƙafar ɗan haya? To an buɗe ƙofa kenan: kowace makaranta ta ɗauko nata, in an kama a cire mutum ɗaya, maki yana nan. Wa zai ƙi wannan ciniki? Ƙwallo wasan taro ne, tare ake ci, tare ake faɗuwa. In kuna jin zafin abin da ya sami yaran nan, kuma ya kamata ku ji, ku kai fushin inda ya dace. Ku je ku tambayi wanda ya rubuta sunayen, da wanda ya buga hatimi a kan katin shaida.

Nan ne ma nake da nawa ƙorafin a kan masu shirya gasa. Kullum hukunci a kan yara yake ƙarewa, manya su sha. A Memphis, lokacin da hukunci ya sauka kocin ya riga ya koma Kentucky da albashi mai tsoka, ɗan wasan yana Chicago Bulls, makaranta da magoya baya aka bari da jangwam. North Carolina kuwa, duk da wancan bincike, a 2017 NCAA ta ce ba ta da hurumin hukunta ta a kan darussan. Ƙananan jami'o'i marasa kuɗi, musamman na baƙar fata, su ne ma'aunin APR ya fi dannewa. Wato a can ma mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. Mu ma nan haka ne: an kori yara, amma malamin wasanni yana kan kujerarsa, wanda ya sa hannu yana kan kujerarsa, badi su ne za su sake haɗa ƙungiya. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Sannan me ya sa ba a tantancewa sai an kai ƙorafi? Kwamiti ya zuba ido aka yi wasa bayan wasa, aka ƙona mai, aka tara jama'a, sai da abin ya kai gaɓar kofi sannan aka tuna akwai rajista. Ba a fafe gora ranar tafiya. Da an duba takardun nan tun kafin a busa usur na farko, da mutum uku kawai za a cire, sauran su buga wasansu lafiya.

Haka kuma makarantun da kansu. Ba adalci ba ne ka ɗauki yaro sati biyu ka kai shi gasa da sunanka, ya dawo ya tarar an yi gwaji a bayansa, malami ya ce shi ba ruwansa da ƙwallo, a ba shi sifili, sannan a ƙarshen zango ka ce ya faɗi bai cancanta ba. Kai ka kayar da shi. Wanda ya wajabta wa ɗan wasa cin jarabawa, wajibi ne ya ba shi hanyar cin ta.

Saboda haka ga abin da nake kira a yi, kuma babu wanda ya fi ƙarfinmu a ciki.

Ɗaya, a rufe tantancewa kafin gasa. Suna, hoto, lambar rajista da sakamakon zangon da ya wuce, daga ofishin magatakarda kai tsaye, ba ta hannun koci ba. A liƙa jerin sunayen kowace ƙungiya a fili, a ba da kwanaki na ƙorafi. A garuruwanmu kowa ya san kowa, ɗan haya ba zai kwana biyu a allo ba a gane shi ba.

Biyu, duk jami'in da ya sa hannu a kan sunan ƙarya a dakatar da shi daga harkar wasannin makarantu na wasu shekaru, makarantarsa kuma ta tuhume shi kamar yadda take tuhumar mai satar jarabawa. Laifin ɗaya ne. Yaron da aka kama da 'yar takarda a aljihu korar sa ake yi, to babban da ya ƙirƙiri ɗalibi sukutum fa?

Uku, a rubuta a dokar makaranta cewa wanda ya tafi wakiltar ta za a sake masa gwajin da ya rasa, a kuma haɗa 'yan wasa da malamin da zai riƙa bin karatunsu tun farkon zango.

Huɗu, yaron da yake da baiwa amma karatu ya gagare shi, a nema masa hanyar gaskiya: kulob, ko makarantar koyon ƙwallo, tare da sana'ar hannu. Masu kuɗinmu da 'yan siyasarmu da ke sayen riguna lokacin kamfe, ga inda za su zuba kuɗi in da gaske suke.

Mu kuma magoya baya, mu ji tsoron Allah. Da yawanmu mun san yaran nan ba ɗalibai ba ne tun wasan farko. Mun san unguwarsu, mun san kulob ɗin da suke bugawa. Muka yi shiru, muka yi tafi, har muna yi wa abokan hamayya gwalo. Addininmu bai bar mai algus a cikin sahu ba, ko a mudun hatsi ne, balle a tarbiyyar 'ya'yan mutane. Yankin nan an san shi da makaranta tun kafin a haifi yawancinmu. Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu ta yaye mutanen da ƙasa ke ji da su, har da Aliko Ɗangote. Abin kunya ne a ce yau mu ne ke tsayawa a bainar jama'a muna kare takardar bogi saboda kofin da ko kuɗin rajistar yara biyar bai kai ba.

Wanda yake da hujjar da ta fi wannan, ga fili nan a ƙasa, ya kawo ta cikin mutunci zan amsa. Wanda kuma zagi ne kawai ya zo da shi, ya fara gaya mini ra'ayinsa a kan makin da aka cire wa Afirka ta Kudu.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa mu fi ƙarfin son zuciyarmu.

Daga Kiyako, ƙaramar hukumar Birnin Kudu, jihar Jigawa.